Sifanonin Marigayi Cyril

Egbert Sampson ya dawo Patience Hall daga Brooklyn da farar kwat, da haƙorin zinariya guda, da wani jan akwatin ƙarfe mai sifana sittin da huɗu a ciki. Adadin nan kowa ya haddace shi a ƙauyenmu, don ko gaisuwar mutuwa Egbert ya je sai ya san yadda ya yi ya sako shi cikin zance. A faɗarsa, shekara goma sha ɗaya ya yi yana gyaran injunan Amurka, tun daga na hawa bene har na jirgin sama, kuma ranar da zai taho sai da maigidansa ya yi hawaye. A faɗar ɗan gwaggonsa da suka zauna ɗaki ɗaya a can kuwa, aikinsa a garejin wanke motoci ne, akwatin ma a gwanjo ya saye shi ana jibi zai hau jirgi. Mu dai ba mu ƙaryata kowa ba. Ƙauyen ba shi da silima, saboda haka mutum irin Egbert ba abin yarwa ba ne.

Abin da ke ransa tun da ya sauka abu ɗaya ne, auren Mis Ismay. Shekara shida ke nan da rasuwar mijinta Cyril, wanda ya bar mata gida a bakin babbar magudana da kuma injin matse rake a kan amalanke. Injin nan ƙirar Ingila ne, baƙi wuluk, daga tsohuwar masana'antar sukari ya fito tun zamanin Turawa, shi ya sa kowa ke kiransa Kaka. Zawarawa sun yi ta zarya wajen Mis Ismay, fasto ma ya taɓa kai mata maganar ƙaninsa. Kowanne sai ta ba shi ruwan rake mai sanyi, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ta sallame shi. Egbert ne kaɗai ya nace. Kullum yana bakin amalanken yana zuba, ita tana matsa rake tana dariya, kuma mun lura dariyar ta soma daɗewa a fuskarta fiye da yadda ta saba.

Ranar Alhamis kafin Ista ya same ta a inuwar ƙarƙashin gidanta, ta kasa kunne jikin Kaka. Maƙwabciyarta Anti Kowsilla mai suyar fulori, wani irin ƙosai na Indiyawa, tana gefe tana gyaran wake.

"Mista Sampson, zo ka ji," in ji Mis Ismay. "Rolar sama ce take ɗan ƙwanƙwasa. Noti huɗun nan da ke riƙe da ita suke son a ɗan ƙara musu ɗauri. Ga Litinin ɗin Ista ta matso, ka san rana ce da duk shekara ba ni da kamarta."

"Wannan ai aikin minti biyar ne, Mis Ismay. A Brooklyn irin wannan ina shan shayi nake yinsa da hannun hagu."

Ta dube shi jim, sannan ta hau bene. Da ta sauko tana rungume da wani tsohon buhun shinkafa da ya sha baƙin mai, an ɗaure bakinsa da igiya. Ta miƙa masa da hannu biyu. Anti Kowsilla ta bar gyaran wake, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta fasa.

"Sifanonin Cyril ne," in ji Mis Ismay a hankali. "Su ne suka san Kaka."

Egbert ya kwance buhun da yatsa biyu don kada ya ɓata kwat. Sifana bakwai ne, baƙaƙe, hannayensu sun side saboda riƙo. Ya ɗaga guda ya karanta lambar jikinta, rabin inci. Ya buɗe jan akwatinsa ya zaro tasa mai rabin inci, tana walƙiya, ya jera su. Bakin tsohuwar ya kusan ninka bakin sabuwar. Ya bushe da dariya har haƙorin zinariyar ya fito fili.

"Dubi nan, Anti. Wannan rabin inci, wannan ma wai rabin inci. Ko dai Turawan Ingila ba su iya awo ba, ko kuma tsufa ne ya wage mata baki. Mis Ismay, Allah ya ji ƙan marigayi, amma waɗannan ai bola ce. Ki ba masunta su ɗaura a jikin koma."

Mis Ismay ta karɓi buhun, ta mayar da sifanar, ta ɗaure bakinsa yadda yake. Ta gaya masa gobe da sassafe za ta haye kogi wajen yayarta, ba za ta dawo ba sai Litinin a jirgin fito na farko, da rake da ƙanƙara. Shi dai ya ɗaure noti huɗu kawai, ya tura amalanken bakin teku.

"Ɗauri kawai, Mista Sampson."

"Ki tafi da kwanciyar hankali."

Tana juya baya shirin ya faɗo masa a ka, cikakke. Ɗauri kawai aikin ƙananan makanikai ne. Shi zai fitar da tsofaffin notin nan gaba ɗaya, ya sa na Amurka masu ƙyalli, ya shafe Kaka da jan fenti, ya rubuta allo. Ranar Litinin, sa'ad da duk ƙauye ya hallara a katangar teku ana tashin tsuntsun takarda mai zare a iska, zai yaye mayafi, ya tada inji, ya nemi aurenta a gaban jama'a. Wace mace ce za ta ce a'a a irin wannan wuri? Ya koma gida yana fito.

Juma'ar Ista ba a taɓa guduma ko ƙusa, ko Egbert bai isa ya karya wannan ba, don haka ya yini yana cin burodin giciye yana ba mutane labarin abin da za su gani. Sakamakon haka, ranar Asabar kafin ya iso da akwatinsa 'yan kallo sun riga shi. A kan 'yar gadar da ta haye magudana zuwa gidan akwai Chacha Bissoon zaune da lemarsa. Tsoho ne da ya yi shekara arba'in yana gyaran inji a masana'antar sukari, yanzu ba shi da aiki sai kallon kurakuran mutane, kuma bai taɓa rasa abin kallo ba.

Egbert ya cire kwat ya rataye, ya shimfiɗa sifanoninsa a kan tawul layi-layi. Ya ɗauki mai rabin inci ya kai kan noti. Ko kusa ba ta shiga ba. Ya ɗauki ta gaba, da ta gabanta, yana hawa yana hawa. Wata ta rage kaɗan ta shiga ta ƙi, wadda ke bi mata kuma ta shiga tana rawa. Ya koma layin masu milimita, nan ma haka, ɗaya ta matse, ɗaya ta yi sako-sako.

"Ka kai ta nawa?" in ji Anti Kowsilla daga bakin shingenta.

"Gwaji nake, Anti. Haka ake yi a kimiyyance."

"Na ga dai ka wuce talatin."

Chacha Bissoon ya gyara murya. "Yaro, wannan Witwot ne, awon Ingila na da. Lambar da ke jikin sifanarsu ba faɗin kan noti take faɗa ba, kaurin bol ɗin take faɗa. Shi ya sa ka ga bakin ta Cyril ya fi na taka. Ba tsufa ba ne, haka aka haife ta. A cikin akwatin nan naka babu wadda za ta zauna."

"Chacha, Turawan nan sun naɗe tutarsu sun tafi tun tuni. Kai kaɗai ne ba a aiko wa takarda ba."

"Sun tafi, amma ba su tafi da notinsu ba."

Egbert ya zaɓi mai rawar, ya kafa ta, ya tokare ƙafa da tayar amalanke, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Sifanar ta zame ta cinye kusurwar notin, gaɓoɓin yatsunsa suka daki ƙarfe, shi kuma ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin kwanon da agwagin Mis Ismay ke shan ruwa. Agwagin suka watse suna tsine masa da yarensu.

"A Brooklyn ma haka ake hutawa?" in ji Anti Kowsilla.

Ya miƙe yana tsotsar yatsa, ya ce da ma yana so ya gwada ƙarfin notin ne, yanzu ya gane. Ya aro sifanar masu gyaran famfo, mai haƙora. Da ita da guduma da zagi, wajen azahar ya samu ya kwance noti huɗun, kawunansu duk sun sha cizo. Ya tara su a tafin hannu, ya taka har bakin magudana, ya jira sai da ya tabbatar kowa na kallonsa.

"Kada ka yi," in ji Chacha. "Ka bi shagunan Georgetown ɗaya bayan ɗaya, ba za ka sami irinsu ba. Yanzu ko garin fulawa ba ya shigowa ƙasar nan, balle notin da aka daina ƙerawa."

"Ku bi iyayen gidanku," in ji Egbert, ya watsa su cikin ruwa.

Chacha ya bi su da ido, ya ga inda kowanne ya nutse.

Sababbin notin suna cikin wata 'yar leda a ƙasan akwatin, rabin inci, farare tas. Egbert ya ɗaga ɗaya sama don rana ta haska shi, sannan ya ɗora a kan bol ya murza da yatsa. Ya zagaya sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya tsaya cik. Ya cire ya gwada wani, haka. Ya hura, ya shafa giris, ya yi masa magana da Turancin Amurka, notin ya ƙi motsi.

"Ƙirga haƙoran," in ji Chacha. "A inci guda, na Ingila haƙori goma sha biyu ne, naka goma sha uku. A sauran awo Ingila da Amurka suna ɗan munafuntar juna su zauna tare. Amma a rabin inci ba su taɓa shiryawa ba."

"Haƙori ɗaya tak? A kan haƙori ɗaya kake tara mini jama'a? Kai naka nawa suka rage a baki, ba kana cin abinci ba?"

"Ina ci, amma ba na tauna rake."

Jama'a suka yi dariya, wannan kuwa ya ƙara tunzura Egbert. Ya samo wani dogon bututun ƙarfe ya zura wa sifanarsa a hannu, ya rataya a jiki yana lilo. Notin ya yi ƙara, ya yi kuka, ya soma tafiya da ƙyar. Can sai ya saki, ya riƙa juyawa sumul ba wata gardama.

"Kun gani?" in ji Egbert yana haki. "Ya miƙa wuya. Ƙarfe ma ya san wanda ya fi shi."

Abin da ya faru shi ne tsohon bol ɗin ya aske haƙoran sabon notin tas, ya bar shi kamar zobe a yatsa. Chacha ya sani, rabin mutanen da ke kan gadar ma sun sani. Amma an gaya masa sau uku ya mayar da zagi, kuma Litinin ba ta da nisa. Haka ya bi sauran ukun ya yi musu. Sannan ya kawo jan fenti ya shafe Kaka tun daga sama har ƙasa, ya cika wa notin fenti mai kauri, wanda in gaskiya za a faɗa shi ne kaɗai abin da ke riƙe da su.

Litinin ta zo da iska mai kyau. Kafin ƙarfe goma katangar teku ta cika maƙil, sama kuwa ta rufe da tsuntsayen takarda, ja da kore da rawaya, masu kugi suna kugi. Mafi girma a cikinsu na hedimasta ne, tsayinsa ya kai ƙofar ɗaki, wata uku ya yi yana haɗa shi, kuma yana tsaye da ƙullin zarensa daf da inda Egbert ya kafa amalanke. Anti Kowsilla ta hura wutarta a ɗaya gefen. Kaka na lulluɓe da zanen gado, Egbert na tsaye gabanta cikin farar kwat, da fure a aljihu.

Mis Ismay ta iso a motar haya, da daurin rake da ƙanƙara cikin buhu, da kwandonta a hannu. Anti Kowsilla ta taso da sauri.

"Ismay, zo ki ji wata magana."

"Bari na sauke kaya, Kowsilla, dubi layi."

Layin kuwa ya riga ya miƙe, rana ta gasa mutane. Egbert bai ba da damar wata magana ba. Ya hau kan akwatinsa ya tafa hannu.

"Jama'ar Patience Hall, yau za ku ga bambancin jiya da yau. Shekara da shekaru baiwar Allahn nan tana fama da tsohon ƙarfe ba mai taimaka mata. To, namiji ya iso."

Ya fizge zanen. Kaka ta bayyana jajawur, a samanta ga allo da manyan haruffa: SAMPSON DA UWARGIDA. Wasu suka yi tafi, wasu suka juya suna neman fuskar Mis Ismay. Ita ba allon take kallo ba, rolar sama take kallo.

"Mista Sampson, waɗannan ba notin Cyril ba ne."

"Sun yi ritaya, Mis Ismay. Tsaya ki gani."

Ya ja igiya, inji ya tashi. Ya zura sandar rake guda, siririya, ta wuce lafiya, ruwa ya zubo cikin bokiti. Egbert ya waiwaya ya nemo Chacha Bissoon cikin taro ya ɗaga masa gira. Chacha ya buɗe lemarsa, ya ja da baya taku uku.

"Guda ɗaya aikin yara ne," in ji Egbert. "A Brooklyn uku-uku muke sawa."

"A Brooklyn ɗin rake ake nomawa?" wani ya tambaya.

Bai kula ba. Ya zaɓo uku mafiya kauri ya haɗa su ya danna. Kaka ta yi wani nishi da ba mu taɓa jin ta yi ba. Notin farko ya yi tsalle ya faɗa kaskon Anti Kowsilla, mai ya yi tartsatsi, ta yar da matsami ta yi baya tana kiran sunayen allolinta. Na biyu ya tafi da hular fasto. Na uku da na huɗu suka tashi tare, har yau ba wanda ya san inda suka sauka. Rolar sama ta ɗaga kai, raken ya karkace, ruwan da ya kamata ya bi ta bokiti ya feso wa Egbert tun daga fure har takalmi.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Egbert ya yi baya a firgice ya bangaji hedimasta, zaren hedimasta ya faɗa kan babbar ƙafar injin da ke juyawa, Kaka kuwa ta kama naɗewa. Duk taron ya ɗaga kai yana kallon tsuntsun wata uku yana saukowa daga sama, yana kugi, yana turjewa, injin na jansa. Hedimasta na ihu a kashe inji, Egbert na laluben inda ake kashewa, amma ya shafe wurin da fenti ya kasa gane shi. Tsuntsun ya iso da ƙarfinsa ya daki allon, allon ya faɗo, tsuntsun ya zarce ya burma a kan Egbert, kansa ya fito ta tsakiyar takardar, jelar ta naɗe masa wuya.

Mis Ismay ta miƙa hannu ƙarƙashin inji ta murɗa wani abu. Kaka ta yi shiru. Mutane kuwa wasu har sun zauna a ƙasa saboda dariya.

"Iskar teku ce," in ji Egbert daga cikin tsuntsun. "Gishiri ne ke ci wa ƙarfen Amurka..."

"Ina notin Cyril?" in ji Mis Ismay.

Anti Kowsilla, wadda ke tsamo noti daga cikin fulorinta, ita ta amsa mata. "Suna cikin magudana, gaban gidanki. Da jawabi ma ya raka su."

Mis Ismay ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata mu. Ta ce masa ƙanƙararta na narkewa, layinta na jira, ya je ya kawo mata notinta huɗu.

Daga katangar teku zuwa gidanta tafiyar minti biyar ce, kuma rabin taron ya ɗaure zarensa ya bi bayansa. Egbert ya tsaya a bakin magudana ya dubi ruwan, baƙi, da ganye a kai. Ya soma bayanin cewa a Amurka akwai wata na'ura da ake amfani da ita. Can ya cire takalmi ya shiga da kwat ɗinsa, don ta riga ta gama lalacewa. Ruwan ya kai masa ƙirji, laka ta riƙe shi har gwiwa. Ya riƙa lalube da yatsun ƙafa yana nutsawa yana fitowa. Ya fito da murfin kwalba, ya fito da rabin kofi, ya fito da wata kaguwa da ta ƙi sakin babban yatsansa.

"Matsa hagu," in ji Chacha daga kan gada. "A'a, hagun Ingila."

"Chacha, don girman Allah, a nan ka ga sun faɗa?"

"A nan suka faɗa ranar Asabar."

Sai da Egbert ya yi kusan rabin sa'a a ciki, ƙudaje na bin zaƙin da ke gashinsa, sannan Chacha ya sa hannu a aljihu ya fito da hankici ya warware. Noti huɗu ne a ciki, baƙaƙe, an wanke su an shafa musu mai. Tun yammacin Asabar ya tsamo su da maganaɗisun tsohuwar rediyo a bakin igiya, har ya bi kusurwoyinsu da magagari ya gyara cizon.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?" in ji Egbert.

"Na faɗa maka abu uku ranar Asabar, ka ce ba ni da haƙori. Na huɗun sai na bar shi a baki."

Aka dunguma aka koma bakin teku, Egbert a baya yana ɗiga. Mis Ismay ta karɓi notin, ta ɗaga tawul ɗin da ke kan kwandonta. Buhun Cyril ne a ƙasa. Har ƙetaren kogi ta tafi da shi, don bayan maganar masunta ba ta yarda ta bar shi a gida ba. Ta kankare fentin kan bol da wuƙa, Chacha ya duba haƙoran ya ce tsohon ƙarfe ne, bai ji komai ba. Ta zaunar da rola, ta murza kowane noti da yatsa, ya tafi sumul har ƙasa. Sannan ta zaro sifanar nan mai faɗin baki da Egbert ya yi wa dariya, ta ɗora. Ta zauna daram, ba rawa ba matsi. Ta ɗaure huɗun bi da bi, wannan kusurwa sannan waccan, ta ja igiya. Kaka ta tashi, ko ƙwanƙwasar da take yi da ma ta daina.

Egbert ya tsaya baki sake. "Mis Ismay, ashe kin iya?"

"Shekara shida wa kake tsammani yana ɗaure su?"

"To, in kin iya, me ya sa kika ce in yi?"

Ta zura rake, ta tari ruwa a kofi ta miƙa wa na farkon layi, sannan ta dube shi.

"Ranar da aka binne Cyril na ɗaure bakin buhun nan, na ce ba namijin da zai ƙara buɗe shi sai wanda zan zauna da shi. Kowsilla shaida ce. Ƙanin fasto ya roƙa in ara masa, na hana. Kai na hau bene na ɗauko na miƙa maka da hannu biyu." Ta mayar da sifanar cikin buhu. "Da ka karɓa ranar Alhamis ka ce na gode, da ba sai ka wahalar da kanka da rubuta allo ba."

Masu dariyar ma suka daina. Ni kaina da na fi kowa jin daɗin kaguwar nan, sai da na ji tausayinsa ya kama ni. Tun da Egbert ya dawo ƙauyen nan ba mu taɓa ganin ya nemi magana ya rasa ba sai ran nan. Ya dubi buhun, ya goge hannunsa a jikin kwat, wanda bai ƙara wa hannun komai ba sai laka, ya miƙa duka biyun.

"Ko zan iya riƙe miki shi yanzu?"

Mis Ismay ta ja igiyar ta ƙulle bakin buhun, ta tura shi ƙasan kwando ta rufe da tawul.

"Ka ce bola ce, Mista Sampson. In bola kake son ɗauka, ga ɓawon rake can ya taru."

Ya kwashe ɓawon raken, har yamma yana kwashewa, ba wanda ya sa shi dole. Da aka tashi ya naɗe sifanoninsa cikin tawul, ya ƙirga su sun cika sittin da huɗu, ya rufe akwatin ya saɓa a kafaɗa. Ya bi ta gaban gidan Mis Ismay, ya ɗan tsaya a bakin gada, sannan ya wuce. A cikinsu duka babu ko ɗaya da ta dace da wani abu a gidan.